Darasi na 7: Loton gwamnatin Gana da lissafin da ke cikinsa

Duk wanda ya taɓa zama a Nima ta birnin Akra, ko a zangon Kumasi, ya san ƙananan rumfunan loto da ke bakin hanya. A jikin rumfar akwai allo, an rubuta lambobi biyar da alli. Mutane na tsaye suna kallon allon, wasu riƙe da ɗan guntun takarda. A wannan darasi za mu karanta tarihin wannan caca, sannan mu yi lissafinta da hannunmu.

Daga ina ta fito?

Gana ta samu 'yancin kai a 1957. A 1958 gwamnatin Kwame Nkrumah ta buɗe sashen caca na ƙasa, don ta samu kuɗin shiga. A 2006 majalisa ta yi doka mai lamba 722, aka mayar da sashen hukumar gwamnati mai cin gashin kanta, wato National Lottery Authority (NLA). Doka ta hana sayar da tikiti ga wanda bai kai shekara 18 ba. Akwai kuma 'yan bayan fage da ake kira banka-tu-banka, masu karɓar kuɗin mutane a kan lambobin gwamnati, kuma hukumar ta daɗe tana fama da su.

Yadda ake yi

Ana zuba ƙwallaye 90 cikin inji, kowanne da lambarsa daga 1 zuwa 90. Injin ya juya, ya fitar da biyar. Kowace rana da sunan wasanta: Monday Special ran Litinin, Lucky Tuesday ran Talata, Mid-Week ran Laraba, Fortune Thursday ran Alhamis, Friday Bonanza ran Juma'a. Na Asabar, National Weekly Lotto, shi ne babba kuma mafi daɗewa. Suna dai ya bambanta, amma ƙwallayen 90 ne kullum.

Wanda aka fi bugawa shi ne tu-shuwa. Ka zaɓi lamba biyu. In duka biyun suka fito cikin biyar ɗin, a ninka maka kuɗinka sau 240. Sidi ɗaya (kuɗin Gana) ya zama 240. Da jin haka sai ido ya rufe.

Mu ɗauki alƙalami

Daga 1 zuwa 90, ana iya haɗa lambobi bibbiyu ta hanya 4,005. Ga yadda ake samu: 90 sau 89 ya ba da 8,010, a raba biyu. Cikin lambobi biyar da injin ya fitar kuwa, haɗi 10 kaɗai ake samu.

To, a ce mutum 4,005 sun zo rumfa, kowa ya ba da sidi ɗaya, kowa da haɗinsa daban. An tara sidi 4,005. Da yamma mutum 10 suka ci, kowa ya karɓi 240, jimla 2,400. Saura 1,605 bai koma hannun kowa cikinsu ba. A ciki ake biyan mai rumfa ladansa, a biya ma'aikata, sauran ya tafi asusun gwamnati. Wato cikin kowane sidi 10 da aka zuba, kusan 6 ne ke dawowa. Babu wata maguɗi a nan, haka aka tsara wasan tun farko.

Samun duka biyar kuwa, sau ɗaya ne cikin 43,949,268. Wannan adadi ya fi yawan mutanen Gana baki ɗaya.

Za ka ga masu sayar da takardun hasashe, suna nuna lambobin shekarun baya, suna cewa 17 ta daɗe ba ta fito ba, lokacinta ya yi. Ƙwallo ba ya tuna jiya. Da mai hasashen ya san lambar gobe, da bai sayar maka da ita ba. Malaman zango kuma suna karanto aya ta 90 a Suratul Ma'ida, inda aka haɗa caca da giya aka hana.

Aikin gida

1. A wace shekara aka buɗe sashen caca na Gana?
2. Rubuta 4,005 da kalmomi.
3. Wani tela yana zuba sidi 5 kullum, kwana 6 a mako. Nawa ya zuba a mako 52?
4. In kusan 6 cikin 10 ke dawowa, nawa ne ya tafi daga kuɗin telan?
5. Je kasuwa ka tambayi kuɗin mudun shinkafa, ka lissafa mudu nawa kuɗin nan zai saya.