Perun, gunkin tsawa na Silabawa: inda masu ba da labarinsa ke yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce Perun kawai Thor ne da aka sauya wa suna. A'a. Thor gunkin tsawa ne na mutanen Sikandinabiya, guduma yake riƙewa. Perun kuwa na Silabawa ne, kakannin Rashawa da 'yan Yukiren da Folan, makaminsa gatari, bishiyarsa kuma wata babbar bishiya ce da ake kira oak. Mu ma nan ai muna cewa gatarin aradu. In ana neman ɗan'uwansa na kusa, to Perkunas ne, gunkin tsawa na Lituwaniya. Har yau 'yan Folan na kiran aradu da piorun.

Wasu kuma su ce marubucin Rumawa Procopius ya ambaci sunansa tun ƙarni na 6. Abin da ya rubuta shi ne Silabawa na yanka shanu ga wani ubangiji mai yin walƙiya. Bai kira suna ba. Masana ne suka ce da alama Perun yake nufi.

Inda aka fi yin ɓaranɓarama shi ne faɗan Perun da Veles, gunkin dabbobi da ƙarƙashin ƙasa. Sai ka ga an tsara shi tiryan-tiryan, kamar daga wani tsohon kundi aka kwafo. Babu wannan kundin. Masana biyu, Ivanov da Toporov, su suka harhaɗa labarin a shekarun 1970 daga waƙoƙi da tatsuniyoyin ƙauye. Aiki ne mai kyau, amma hasashe ne, a kira shi da sunansa. Littafin da ake kira na Veles kuma jabu ne, kar a kafa hujja da shi.

Mai neman abin da ke rubuce, ya duba tsohon tarihin Kiyef. A 980 Sarki Vladimir ya kafa gunkin Perun bisa tudu, na itace, kai na azurfa, gashin baki na zinariya. A 988 da ya karɓi Kiristanci, ya sa aka ɗaure gunkin a wutsiyar doki aka ja shi, mutum 12 na jibgarsa da sanduna, aka jefa shi kogin Dnieper.

Kar kuma a ɗauka nan ya ƙare. Manoma sun mayar da aikin Perun kan Annabi Iliyasu, in an yi tsawa su ce karusar Iliyasu ce ke wucewa a sama.