Fim ɗin doki da za ku kalla tare da yara

Assalamu alaikum iyaye. Tunda yara sun dawo daga kallon hawan sallah babu zancen da suke yi sai na doki, ga shawarata.

Ku nemo The Black Stallion na 1979. Yaro ne mai suna Alec, jirgin ruwansu ya nutse, ya tsira shi da wani baƙin ingarma a tsibirin da babu kowa. Abin da ya sa na fi son shi, an daɗe a tsibirin nan kusan ba a magana. Yaron yana miƙa wa dokin ciyawar teku, dokin yana ja da baya, har ya saba da shi. Ko yaron da bai iya Turanci ba zai gane komai. Sai dai wurin nutsewar jirgin akwai wuta da ihu, kuma a nan mahaifin Alec ya rasu, don haka ku zauna kusa da ƙananan, ko ku tsallake wurin.

'Yan ƙasa da shekara shida, Spirit na 2002 ya fi dacewa da su, zane ne.

War Horse na 2011 kuwa ku bar wa manya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, akwai inda dokin ya maƙale a waya mai ƙaya.

Bayan kallo za su so taɓa doki. Don Allah ku ja musu kunne: kada su tsaya ta bayansa, yana harbi. In za su ba shi abinci, su buɗe tafin hannu sosai, kuma sai mai dokin yana wurin.