Kurakuran da aka fi yi wajen yi wa kare da kyanwa maganin ƙuma, kaska da tsutsar ciki

Yawancin masu kukan cewa maganin ƙuma ba ya aiki, idan aka bi diddigi za a tarar maganin bai yi laifin komai ba. Ko dai an sayo wanda ba na wannan ƙwaron ba ne, ko an zuba shi a kan gashi bai kai fata ba, ko kuwa an yi wa dabbar magani an bar gidan da ƙumar ke ƙyanƙyashewa. Waɗannan asarar kuɗi ce da ɓata lokaci. Amma akwai kuskuren da ke iya kashe dabba cikin yini guda, shi ya kamata a fara sani.

Maganin kare a jikin kyanwa

Da yawa daga cikin magungunan da ake ɗiga wa kare a ƙeya suna ɗauke da sinadarin permethrin, kuma mai ƙarfi ne ƙwarai, kashi 45 zuwa 65 cikin ɗari na ruwan. Hantar kare tana iya sarrafa shi ta fitar. Hantar kyanwa ba ta iya yin wannan aikin yadda ya kamata, sai sinadarin ya taru ya kama jijiyoyinta. Cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci har zuwa kwana 3, za a ga kunnuwa da fatar baya suna motsi da kansu, sai dalalar miyau, sai tangaɗi, sai karkarwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Masu cewa ai ɗigo ɗaya ne kawai tunda ƙarama ce, su sani ɗigo ɗayan ya isa.

Ba sai an shafa mata ba ma. Kyanwar da ke kwana da kare wuri ɗaya, ko take lasar gashinsa, tana iya ɗauka daga jikinsa. Idan aka yi wa kare irin wannan magani, a raba su kwana 3. Abin da ya fi sauƙi shi ne gidan da ke da kyanwa ya zaɓa wa karensa magani marar permethrin tun farko.

Idan aikin gama ya gama, a wanke kyanwar da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwanuka na ruwa, domin shi ne ke cire maiƙo. Kada ruwan ya yi zafi, zafi yana ƙara shigar da maganin ta fata. A tsane ta da tawul, a kai ta wurin likitan dabbobi tare da kwalin maganin. In kuwa ta riga ta fara jijjiga, a bar wankan a tafi asibiti kai tsaye. Babu maganin da ke karya wannan dafin, taimakon da likita zai yi shi ne kwantar da jijjigar da ƙarin ruwa har jiki ya fitar da shi, don haka saurin zuwa shi ne komai.

Wani makamancin wannan haɗari: fipronil, sinadarin maganin ƙuma da kaska wanda kare da kyanwa ke ɗauka lafiya lau, yana kashe zomo.

An yi wa dabba, an manta da gida

Nan ne aka fi yin asara. Ƙumar da ake gani tana tsalle a jikin dabba wajen kashi 5 cikin ɗari ce kawai na abin da ke gidan. Sauran ƙwai ne da tsutsotsi da waɗanda suka naɗe kansu cikin kwanso, suna cikin shimfiɗar dabbar, da kafet, da ƙarƙashin kujera, da tsagar daɓe. Macen ƙuma tana fara ƙwai kwana 1 zuwa 2 bayan ta sha jinin farko, kuma tana iya zuba 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi duk inda dabbar ta kwanta.

Wadda ta shiga kwanso ita ce mai taurin kai. Feshi ba ya ratsa ta sosai, kuma tana iya zama makonni ko watanni tana jira, sai ta ji ɗumin jiki ko motsi sannan ta fito. Wannan ne ya sa mutum zai yi magani yau, bayan mako 2 ya ga sabbin ƙuma, ya ce an sayar masa da jabu. Sababbin ƙyanƙyasa ne, kuma idan maganin na nan a jiki za su mutu cikin yini guda bayan sun hau. Wanda ya yi fushi ya daina a wata na farko ya mayar da hannun agogo baya.

Gyaran shi ne a ci gaba da magani aƙalla wata 3 a jere ba tsallake. A yi wa dukkan karnuka da kuliyoyin gidan lokaci guda, har da wadda ba ta susa, domin irin ƙumar da ta fi kama kare ita ce ainihin ƙumar kyanwa, kuma kyanwa tana haɗiye nata wajen lasar jiki har a ɗauka ba ta da ko ɗaya. A wanke shimfiɗu da ruwa mai zafin digiri 60 duk mako. A bi kafet da lunguna da injin zuƙe ƙura, a zubar da abin da ya tara a waje nan take. Idan za a yi feshin ɗaki, a nemi wanda ke da methoprene ko pyriproxyfen, su ne ke hana ƙwai da tsutsa girma, a fitar da dabbobi da tsuntsaye, a rufe tankin kifi, har wurin ya bushe.

Mai shakkar ko akwai ƙuma, ya taje bayan dabbar kusa da gindin wutsiya a kan farar takarda mai laima. Baƙaƙen ɗige-ɗigen da suka zubo, idan suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, wato jinin da ta sha. Ƙasa ba ta yin ja.

Kowane magani da ƙwaronsa

Ba a sayen magani da hoton kwali, da sunan sinadarin ake saye. Imidacloprid shi kaɗai yana kashe ƙuma amma ba ya taɓa kaska. Ƙwayar nitenpyram tana fara zubar da ƙuma cikin rabin sa'a, amma bayan kwana 1 ko 2 aikinta ya ƙare, ba kariyar wata ba ce. Shamfu ma haka, abin da ke jiki a lokacin wankan yake kashewa. Ƙwayoyin taunawa irin su afoxolaner da sarolaner da lotilaner suna riƙe ƙuma da kaska wata guda, fluralaner kuma har mako 12. Wasu daga cikinsu, musamman fluralaner da lotilaner, da abinci ake ba da su don jiki ya ɗauka sosai. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wannan rukunin na iya jawo karkarwa ko jijjiga ga wasu dabbobi. Yawanci suna sha lafiya, amma dabbar da ta taɓa yin farfaɗiya sai an gaya wa likita kafin a ba ta.

Haɗa abin wuya da ɗigon ƙeya da hoda da shamfu a lokaci ɗaya ba ya ƙara kisa, guba yake tarawa.

Awo da shafawa

Ƙiyasta nauyi da ido kuskure ne babba, musamman ga dabba mai yawan gashi. Ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da ita, ka cire na farko daga na biyu. Kwikwiyo yana tsallake rukunin nauyi cikin 'yan makonni, sai an sake auna shi duk wata. Raba bututun babban kare ga ƙananan karnuka biyu kuwa, ɗaya zai samu fiye da kima, ɗayan ya tashi da abin da bai isa ba. Yawancin waɗannan magunguna ba a fara su sai dabba ta kai mako 7 ko 8. Ƙasa da haka, mataji mai ƙananan haƙora da kofin ruwan sabulu na tsoma ƙumar ya fi aminci, kuma kada a yi sakaci, ƙuma na iya shanye jinin jaririyar kyanwa har ta mutu.

Wajen ɗigawa, a buɗa gashi da yatsu har a ga fata, a ɗora bakin bututun a kanta sannan a matse. Kyanwa a can saman ƙeya daf da kai, inda harshenta ba ya kaiwa. Babban kare a wuri 3 ko 4 daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya, idan takardar maganin ta ce haka, don kada ya gangara ta gefe. Kada a murza da hannu. Magani irin fipronil ta cikin maiƙon fata yake yaɗuwa, saboda haka wanka kwana 2 kafin shafawa ko kwana 2 bayanta yana rage masa ƙarfi. Abin wuya kuma sai ya taɓa fata: a ɗaure yadda yatsu biyu za su shiga, a yanke rarar.

Maganin shanu, fiya-fiya da dabarun gida

Allurar ivermectin, maganin tsutsa na manyan dabbobi, mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, tana da miligiram 10 a kowace mililita. Abin da kare mai kilo 10 ke buƙata don kariya daga tsutsar zuciya bai kai kashi ɗaya cikin 160 na mililita guda ba. Gaskiya ne likitoci na ba da fiye da haka wajen maganin ƙazwa, amma da lissafi da sa ido. Wanda ya ja sirinji da ka ya yi wa karensa, abin da zai biyo baya shi ne buɗewar baƙin ido, tangaɗi, makanta, har dogon suma. Karnuka jinsin Collie da danginsu suna da wata tawaya ta gado da ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa, su abin ya fi yi wa muni. Ruwan wankan kaska na amitraz ma ba na kyanwa ba ne sam, kuma haɗin da ake yi wa saniya ya fi ƙarfin kare.

Baƙin mai, kananzir, maganin feshin gona da na sauro duk suna ƙona fata, dabbar kuma za ta lashe su. Tafarnuwa ba ta korar ƙuma, ƙwayoyin jini take fasawa. Tataccen man ganyaye mai ƙamshi da ake tallatawa da sunan na asali ne, wasu daga cikinsu sun sha kwantar da kuliyoyi.

Kaska da ta riga ta kama, kada a ƙona ta ko a shafa mata mai. A kama ta da matsefata daf da fata, a ja sama a hankali ba tare da matse cikinta ba, a goge wurin. Jar kaskar kare tana iya yin dukkan rayuwarta a cikin gida, tana hawa bango ta ɓuya a tsaga, don haka sai an bi ɗakin karen da magani har sama. Karen da ya sha kaska sannan ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko yana haɓo, gwajin jini yake buƙata ba ƙarin maganin kaska ba.

Tsutsar ciki da ta zuciya

Jira sai an ga tsutsa a kashi kuskure ne, domin ƙwanta ba ya ganuwa da ido. 'Yan kwikwiyo da yawa da tsutsa ake haifar su, tun daga mahaifa suke ɗauka, sannan ta nono. A ba su magani a mako na 2, 4, 6 da 8, sannan duk wata har su kai wata 6, a ba uwar tare da su. 'Ya'yan kyanwa daga mako na 3. Manyan da ke fita waje ko farauta, aƙalla sau 4 a shekara. A riƙa kwashe kashi kullum, saboda ƙwan wannan tsutsa na daɗewa a ƙasa kuma yana shiga yaran da ke wasa a wurin.

Idan aka ga fararen gutsattsari kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiya, tsila ce, kuma ta hanyar haɗiye ƙuma aka fi kamuwa da ita. Maganin tsutsa na pyrantel ba ya kashe ta, sai na praziquantel. In ba a kawar da ƙumar ba, bayan mako 3 za ta dawo.

Tsutsar zuciya sauro ke yaɗa ta, tana ɗaukar wajen wata 6 kafin ta girma a jijiyoyin huhu da zuciya. Maganin kariya daga gare ta da ake bayarwa wata-wata ƙananan yake kashewa, ba ya kawar da manyan. Karen da ya wuce wata 7 bai taɓa sha ba, ko aka tsallake masa watanni, sai an gwada jininsa kafin a fara, domin idan jinin cike yake da 'ya'yan tsutsar, mutuwarsu lokaci guda na iya jefa shi cikin mawuyacin hali. Wanda aka tsallake wa kuma a sake gwada shi bayan wata 6, tunda gwajin farko ba ya kama sabon kamu.