Kurakuran da ɗaliban digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta suka fi yi, da hanyoyin gyara su

Da yawa daga cikin masu neman gurbin digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta a nan Sakkwato, musamman a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wadda aka kafa a 1975, sukan shigo da tunanin cewa ci gaban digirin farko ne: a halarci darussa, a ci jarabawa, a haɗa wata manhaja, a karɓi takarda. Daga wannan fahimta ce yawancin kurakuran suke tasowa, domin darussan aji rabin tafiya ne kawai, kuma abin da ke riƙe mutum shekara da shekaru a makaranta shi ne kundin bincike.

Babban kuskure yana aukuwa ne tun wajen zaɓen batu. Ɗalibi zai kawo wa malamin da ke duba aikinsa shawarar gina manhajar rajistar ɗalibai ko ta ajiye bayanan marasa lafiya, alhali irin wannan aiki ne na kammala digirin farko, kuma ba ya amsa wata tambaya da ba a riga an amsa ba. Abin da ake nema a wannan mataki shi ne a nuna giɓi a cikin binciken da ya gabata, a gwada wata hanya, sannan a auna ta da hanyoyin da ake da su. Gyaran shi ne mutum ya karanta aƙalla maƙalu ashirin na shekarun baya-bayan nan a fanni guda kafin ya rubuta take, yana lura da abin da marubutan suka ce sun kasa cimmawa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake tsallake batutuwan da ke ƙofar gida. Rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu suna jiran wanda zai koya wa kwamfuta gane haruffansu, harshen Hausa da Fulfulde suna fama da ƙarancin bayanan da ake horar da na'ura da su, kuma ƙungiyoyin masu binciken koya wa kwamfuta harsunan Afirka irin su Masakhane da HausaNLP sun riga sun share hanya ga mai son shiga. Sai dai kada a amince da batu sai an tabbatar bayanan da za a yi aiki da su suna samuwa, domin wanda ya gina kundinsa a kan bayanan wata ma'aikata da ba ta ba shi izini ba zai iya ɓata zango biyu yana zarya.

Akwai kuma gudun lissafi. Kowa yana son fannin koyon na'ura, wato horar da kwamfuta ta koya daga bayanai, da ƙirƙirarriyar basira, amma kaɗan ne ke son komawa ga aljabara da ƙididdiga da ilimin yiwuwa, waɗanda su ne ginshiƙin fannin. Sakamakon haka sai ɗalibi ya kwafo lambobin manhaja, wato umarnin da aka rubuta wa kwamfuta da harshen Python, daga intanet, ya samu sakamako mai kyau, ya kasa bayyana yadda aka yi. Misali guda ya isa: idan cikin bayanan mutum 1,000 akwai masu lafiya 950 da marasa lafiya 50, manhajar da ke cewa kowa lafiyarsa ƙalau za ta ci kashi 95 cikin 100, alhali ba ta gano mara lafiya ko ɗaya ba. Haka nan wanda ya gwada manhajarsa da bayanan da ya horar da ita da su ya yaudari kansa ne, kamar malamin da ya ba ɗalibai amsa kafin jarabawa. A ware bayanan gwaji tun farko, kada a taɓa su sai a ƙarshe, kuma a kawo ma'auni fiye da ɗaya. Mai jarabawa da zai zo daga wata jami'a ranar kare kundi a nan yake fara tambaya.

Dangantaka da malami mai duba aiki ita ma tana lalacewa ba tare da an yi faɗa ba. Da yawan ɗalibanmu ma'aikata ne masu iyali, wasu ma daga Birnin Kebbi ko Gusau suke zuwa, sai mutum ya ɓace wata huɗu saboda kunyar bai yi komai ba, sannan ya dawo da babi uku yana son a duba cikin mako guda. Gara shafi biyu duk mako biyu, tare da rubuta gyaran da Malam ya bayar a gabansa, da a tara aiki a kawo a lokaci ɗaya.

Game da satar fasaha, jami'o'i suna amfani da manhajojin gano rubutun da aka kwafa irin su Turnitin, kuma sauya kalmomi ba ya mai da aikin wani ya zama naka. Wani sabon haɗari shi ne ɗauko jerin manazarta daga manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT, wadda takan ƙirƙiro maƙalun da ba su wanzu ba. Duk maƙalar da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba, kada ta shiga kundinka. Manhajojin Zotero ko Mendeley za su tsara maka manazarta tun daga ranar farko. Mujallar da ta yi alkawarin buga maƙala cikin kwana uku in an biya kuɗi kuwa, a guje ta, a tambayi malamai mujallun da sashe ya yarda da su.

Sai batun kayan aiki, wanda ake rainawa har sai ya yi ɓarna. Zafin Afrilu da Mayu a Sakkwato yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, wuta kuma ba ta da tabbas, don haka ajiye aikin shekara biyu a kwamfuta ɗaya da filas ɗaya ganganci ne. A riƙa tura aiki ma'ajiyar intanet, lambobin manhaja zuwa GitHub, rubutu kuma Google Drive, duk ranar da aka yi aiki. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfin horar da manyan manhajoji yana iya amfani da Google Colab ko Kaggle, shafukan da ke ba da aron ƙarfin kwamfuta ta intanet, kyauta, amma ya riƙa adana sakamako a kai a kai, saboda zaman aikin yakan yanke bayan wasu sa'o'i.