Yadda ake fara wasan zamiya a kan ruwa, da yadda za ka zaɓi kaya da jirgi

Wasan nan da ake gani a bidiyo, mutum tsaye a kan alluna biyu ko ɗaya, riƙe da igiya, jirgi mai inji na jansa yana keta ruwa, ba wani tsafi ba ne. A Amurka aka fara shi a 1922, a tafkin Pepin da ke jihar Minnesota, wani saurayi ne ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson ya ɗaura katako biyu masu tsawon ƙafa 8 a ƙafafunsa, ya riƙe igiyar shanya, ɗan'uwansa ya ja shi da jirgi. To tunda da igiyar shanya aka fara, ka ga ke nan ba tsadar kaya ke tsayar da mutum a kan ruwa ba.

Matsalar da yawanmu, musamman 'yan'uwa mazauna ƙasashen waje da suka ɗan samu abin hannu, da zarar abu ya burge mutum sai tunaninsa ya tafi kan sayen jirgi. A'a malam, jirgi shi ne na ƙarshe. Ga yadda abin ke bi daki-daki.

Mataki na 1: ka iya iyo, sannan ka koya a jirgin wasu

Wanda bai iya iyo ba ya je ya koya tukuna, babu wata dabara a nan. Rigar kariya za ta hana ka nutsewa amma ba za ta hana ka firgita ba, kuma firgici shi ne ke sa mutum shan ruwa. In ka iya, nemi kulob ko makarantar koyar da wasan, suna nan birjik a Florida da Minnesota da Wisconsin, haka ma a Ingila da Faransa. Ka biya kuɗin darasi kaɗan. Mafi yawansu suna da wani dogon ƙarfe da suke maƙalawa a gefen jirgi, shi za ka fara riƙewa maimakon igiya, mai koyarwa na kusa da kai yana maka magana kana ji. A nan ne za ka san ko da gaske kana son abin ko kuwa bidiyo ne kawai ya ruɗe ka.

Mataki na 2: kayan da za ka saya

Rigar kariya ita ce farko, kuma ta zama wadda hukuma ta amince da ita, a Amurka za ka ga tambarin hukumar tsaron gaɓar teku a cikinta. Ta kama jikinka sosai. Ka saka ka ɗaure, ka ɗaga hannuwa sama, wani ya kama kafaɗun rigar ya ja, in ta taso har ta rufe maka haɓa ko kunnuwa to ta yi maka yawa, ka canza. Akwai wasu sirara masu kyan gani da 'yan gasa ke sawa, ka bar su, ba sa ɗaga mutum sosai.

Sai alluna. Sabon shiga alluna biyu yake buƙata, masu faɗi, na babban mutum yawanci inci 67 ne, na yara kuma gajeru ne har da ɗan sanda da ke haɗe kawunansu don kada ƙafafu su buɗe. O'Brien, Connelly, HO da Radar duk suna yi, kuma gaskiya a wannan matakin na hannu ma ya wadatar, kada wani mai shago ya zuga ka. Ka dai duba takalmin robar da ke kai kada ya bushe ya tsattsage, kuma ka tabbata ɗaya daga cikin allunan na da wurin sa ƙafa ta biyu a baya, zai yi maka amfani nan gaba.

Igiyar wasan tsawonta ƙafa 75 ne, wajen mita 23, tana yawo a saman ruwa kuma tana da ɗan miƙewa kaɗan don kada ta fizge maka kafaɗa. Kada ka ɗauko kowace irin igiya ka ƙulla mata sanda. Safar hannu ba dole ba ce amma za ta hana tafin hannunka yin kanta.

Maganar sutura kuma, duk wani abu mai yalwa da zai kwashi ruwa ko ya sarƙe da igiya a bar shi a gefe. Wando mai kauri da ya kama jiki ya fi, don faɗuwa da mazaunai a guje ba wasa ba ce, ruwan na shiga da ƙarfi. Mata akwai kayan iyo masu rufe jiki gaba ɗaya har kai, suna yi lafiya lau.

Mataki na 3: mutum uku, ba biyu ba

Direba, mai zamiya, da mai lura. Direba gabansa zai kalla, mai lura kuma ya juya baya ya zuba wa mai zamiya ido, ba latse-latsen waya ba. A California doka ce, dole mai lura ya kai shekara 12, kuma in mutum ya faɗi sai an ɗaga jar tuta ko mai ruwan lemo don sauran jirage su san akwai mutum a ruwa, sannan ba a yin wasan daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Wasu jihohin sun yarda da babban madubi a madadin mai lura, amma ni dai ban ga dalilin da zai sa ka rasa mutum ɗaya da zai zauna maka ba.

Ƙarar inji ba ta barin a ji magana, don haka da hannu ake yi. Babban yatsa sama, a ƙara wuta. Ƙasa, a rage. Ka dafa kanka, a mayar da kai bakin ruwa. Ka gitta hannu a wuya, a kashe inji. In ka faɗi kuma lafiyarka ƙalau, ka haɗa hannuwa biyu a saman kanka nan take, in ba su ga haka ba su ɗauka ka ji ciwo.

Mataki na 4: tashi daga cikin ruwa

Nan ne ake yinta. Ku nemi wuri mai zurfin da bai gaza mita 2 ba, nesa da masu iyo da duwatsu, kuma in da hali da sassafe lokacin ruwa na kwance iska ba ta taso ba. Ka jiƙa takalman kafin ka sa ƙafa, in sun bushe ba za su shiga ba.

A cikin ruwa ka dunƙule, gwiwoyi manne da ƙirji, hannuwa a miƙe sun zagaye gwiwoyin ta waje, kawunan allunan sun leƙo sama da ruwa kamar taki ɗaya, igiya a tsakaninsu. Rigar za ta riƙe ka, ka daina wutsil-wutsil. Direba ya sa giya ya tafi a hankali har igiya ta miƙe tsaf, kana jin tana ɗan janka, sannan in ka daidaita kai ne za ka ɗaga murya ka ce a tafi, ba shi zai yanke maka ba. Ku tsayar da kalma ɗaya tun a bakin ruwa, wadda ba za a rikita ta da "tsaya" ba.

Da ya taka wuta, ruwa zai taso maka a ƙirji har fuska, komai na jikinka zai ce maka ka miƙe tsaye ko ka jawo igiyar zuwa cikinka. Kada ka yi ko ɗaya. Wanda ya lanƙwasa hannu ya ja, igiya za ta saki, allunan su zame gaba, ya faɗi ta baya. Wanda ya yi gaggawar miƙewa kuwa kawunan allunan za su nutse ya kifa da fuska. Ka zauna a dunƙule ka bar jirgi ya yi aikinsa, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, har ka ji ƙarar ruwan ta sauya allunan sun hau sama sun yi sauƙi a ƙafarka, sannan ka tashi a hankali kamar tsohuwa na tashi daga kujera 'yar tsugunno. Gwiwa ta zauna a ɗan lanƙwashe, hannu a miƙe, baya a tsaye, ido a kan jirgi. Wanda ya kalli ƙafafunsa can zai tafi.

Gudun kilomita 30 zuwa 35 a awa ya ishi babban mutum sabon shiga, yara ƙasa da haka. Kuma direba ya sani ba fizga ake yi ba, turawa ake a hankali amma ba tare da tsayawa ba.

In ka ji za ka faɗi, SAKI IGIYA. Na rubuta da manyan baƙi ne don mutane na mantawa su riƙe ta gam ana jansu a ƙarƙashin ruwa. Kada ka taɓa naɗa ta a hannu ko ka sa hannunka cikin kusurwar mariƙin. Bayan ka faɗi ka ɗaga allo ɗaya sama don a hango ka. Direba ya dawo a hankali ta gefen da yake zaune don ya riƙa ganinka, kuma ya kashe inji gaba ɗaya kafin ka matso bayan jirgi, cire giya kaɗai bai isa ba, farfela ba ta san na gida ba.

Mataki na 5: komawa allo ɗaya

In ka saba, kana tsallaka tozon ruwan da jirgi ke bari a baya hagu da dama ba fargaba, sai ka fara ɗaga ƙafa ɗaya, daga nan ka zare ta ka bar allon a baya, ka lalubi wurin sa ƙafa na baya ba tare da ka duba ba. Wannan shi ne silalom, wanda a gasa ake zagaye balan-balan 6, maza gudu har kilomita 58 a awa, mata 55, in an kai ƙarshen gudun sai a riƙa rage tsawon igiya duk zagaye. Sai ka kai nan ne sayen allo mai tsada ke da ma'ana, kuma da nauyinka ake zaɓar tsawonsa.

Mataki na 6: yanzu a yi maganar jirgi

Tambayar farko ita ce me za ka yi da shi, kuma mutum nawa. Jirgin zamiya na asali injinsa a tsakiya yake, cikinsa a baje, farfela a ƙarƙashi, shi ya sa tozon ruwansa ƙarami ne mai laushi, kana tsallakawa ba ka ji. Irinsu Ski Nautique na kamfanin Correct Craft da ya fara fitowa a 1961, da ProStar na MasterCraft, da Response na Malibu. Na zamani har da na'urar da ke riƙe gudu daidai da GPS. Amma injin ya cinye tsakiyar jirgin, wurin zama kaɗan ne, ba ya son ruwa mai tashi, kuma in ka sa ribas gefe ɗaya yake karkata sai ka saba da shi.

Akwai masu inji a baya ta ciki, manya masu faɗi da kujeru ko'ina, iyali za su so su, sai dai an yi su ne don su tara ƙaton tozo saboda masu tsalle da faffaɗan allo, mai silalom zai sha wuya. Kada kyan kujeru da lasifika su ja ka.

In kuwa kai dai nishaɗin ƙarshen mako kake so, a ja yara, a ɗan yi kamun kifi, jirgi mai tsawon ƙafa 17 ko 18 da injin ratayawa na Yamaha ko Mercury mai ƙarfin doki 90 zuwa sama zai tayar da babban mutum a kan alluna biyu, kuma gyaransa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Mafi yawan mutane wannan ne ya dace da su, ko ba su so ji ba.

Sabon jirgin gasa yanzu yana haura dala dubu 100, shi ya sa kasuwar na hannu ke ci.

Mataki na 7: kafin ka biya

Kada ka sayi jirgin da ba ka gani a kan ruwa ba, ko mai shi ya rantse. Ka duba awowin da injin ya yi, ka nemi takardun sabis, ka zaro sandar baƙin mai, in ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara to ruwa na shiga inji, ka kama gabanka. Ka tattaka daɓen jirgin ko'ina, musamman kusa da inji, in yana lotsawa katakon ciki ya ruɓe, wannan ciwon tsofaffin jiragen shekarun 1980 ne kuma gyaransa na iya fin kuɗin jirgin. Ka tafi da bakaniken jirgi ya gwada matsin silinda. Tirelar ma abin dubawa ce, tayoyi, birki, fitilu, sannan ka tambayi kanka ko motarka za ta iya jan nauyin, da inda za ka ajiye shi, da inshora da rajista da fetur, don manyan injunan nan masu silinda takwas, wato V8, shan mai suke ba kunya.

Mataki na 8: riƙo

Juyen baƙin mai kamar duk awa 50 ko sau ɗaya a shekara. 'Yar robar famfon da ke zuƙo ruwan sanyaya inji a canza ta a kai a kai, kuma kada a tayar da inji a tudu ba ruwa, nan take take ƙonewa. Mai inji a ciki ya kunna fankar fitar da tururin fetur minti 4 kafin ya murza makulli. Kada kowa ya zauna a dandamalin baya inji na aiki, hayaƙin salansa na kisa ba tare da an ji wari ba. In ka shiga ruwan gishiri ka wanke inji da ruwan daɗi, in kana garin da ruwa ke daskarewa kuma ka tsiyaye duk ruwan cikin inji kafin hunturu, in ba haka ba ƙanƙara za ta fasa shi. Kuma duk ranar da za ka saukar da jirgi ruwa, ka taɓa toshiyar ramin tsiyaye ruwa da ke ƙasan jirgin da hannunka ka tabbata tana ciki.

Wanda ke tunanin kawo abin gida, dam-daman mu irin su Tiga da Kainji suna da faɗi, amma sai ka fara zuwa wurin hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin Najeriya kan rajistar jirgi da izinin masu kula da wurin, ka kuma zauna da sarkin ruwa da masunta su nuna maka inda suka shimfiɗa taru da inda kututturai suke a ƙarƙashi, da inda ake ganin dorina ko kada. Sannan akwai tsargiya a yawancin ruwan daɗinmu, duk wanda ya shiga ya je asibiti a gwada shi bayan 'yan makonni ko da bai ga jini a fitsari ba.