Darasi na 7: Magungunan da sunansu ya fara da "Cef"

Ku ɗauki kwalin magani ku duba ƙaramin sunan da ke ƙarƙashin sunan kamfani. Idan ya fara da "cef" ko "ceph", to ɗan gidan sefalosporin ne. Waɗanda aka fi gani a kemis da asibiti su ne Cefalexin da Cefuroxime da Cefixime da Ceftriaxone. A waɗannan sunaye, harafin c na farko kamar s ake karanta shi. Dukkansu maganin bakteriya ne, wato ƙwayoyin cutar da ke kawo ciwon huhu da taifod da sanƙarau da ciwon sanyi da miki mai ruwa.

Asalinsu daga wurin da ba wanda zai zata ne. A shekarar 1945 wani likita ɗan Italiya, Giuseppe Brotzu, ya ɗebi ruwan teku kusa da bakin magudanar ƙazanta a birnin Cagliari, a tsibirin Sardiniya. A ciki ya samu wata fumfuna da ke hana ƙwayar taifod girma. Aka aika da ita jami'ar Oxford a Ingila, inda Edward Abraham da Guy Newton suka tace sinadarin. Sai a 1964 maganin farko na wannan gida ya shiga kasuwa.

Inda ƙarfin maganin yake

Kowane sefalosporin yana da wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu a jikinsa, wanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin zarra huɗu suka haɗa shi: kabon uku, naitirojin ɗaya. Masana suna kiransa beta-laktam. Penisilin ma yana da shi, shi ya sa ake ce musu dangi. Zoben nan a matse yake, kullum neman ɓallewa yake yi, kuma wannan rashin haƙurin nasa shi ne amfaninsa.

Bakteriya tana da bango mai tauri da ya kewaye ta. Duk lokacin da za ta girma ko ta rabu biyu, sai wasu sinadarai a jikinta sun ɗaure sabon bango, kamar yadda magini ke haɗa tubali da tubali. Da maganin ya iso, zoben ya ɓalle ya maƙale wa maginin. Gini ya tsaya, bango ya yi rauni, ruwa ya shiga, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan bango, don haka maganin ba ya rushe su. Bairas mai kawo mura ma ba ta da shi, haka ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya sha Cefixime saboda mura ya yi asarar kuɗinsa, ƙila ma ya sayo wa kansa gudawa.

Ruwa da zafi su ma suna fasa zoben, a hankali. Dalilin da ya sa ake sayar da na yara gari a busashe cikin kwalba ke nan. Idan za ku haɗa, ku tafasa ruwa ku bar shi ya huce sarai, ku zuba daidai layin da ke jikin kwalba, ku girgiza. Daga ranar ya fara ƙirga kwanakinsa, ku duba takardar ciki ku ga nawa ne. A ajiye shi a firij. Inda babu, ku tambayi mai ba da magani yadda za ku yi. Ragowar da aka haɗa watan jiya ba ta da wurin zuwa sai shara, ko da launinta bai sauya ba.

Ba duka suke aiki ɗaya ba

Cefalexin yana da kyau ga ciwon fata da na mafitsara, amma ƙoda tana saurin fitar da shi, sai an maimaita sha cikin yini. Cefuroxime ya fi shiga jini idan an sha bayan cin abinci. Ceftriaxone kuwa allura ce kawai. Yana daɗewa a jini, har sau ɗaya a rana kan wadatar a cututtuka da yawa, kuma yana ratsawa zuwa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka. Wannan ya sa ake dogara da shi lokacin sanƙarau a arewacin Nijeriya da Nijar, daga hunturu zuwa bazara. Cefalexin ba ya kai wa can, komai yawan da aka sha.

A ganina allurar nan ce aka fi wasa da ita. "A yi mini mai ƙarfin nan," in ji mai zazzaɓi, shi kuma mai shago ya zuƙa ya tsira. Alhali ba a haɗa ta da ƙarin ruwa mai sinadarin kalsiyam, kuma tana da haɗari ga jariri sabon haihuwa mai shawara. Wanda penisilin ya taɓa sa masa borin jini, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, lallai ya faɗa wa likita kafin a ba shi kowane irin "cef".

Bakteriya ma ba ta zauna haka ba. Wasunta suna fitar da wani sinadari, beta-laktames, da ke datse zoben kafin ya kai ga bango. Duk shan da aka yi ba gaira ba dalili yana kashe raunanan, ya bar wa masu taurin kan fili. A 2016, a birnin Hyderabad na Pakistan, aka samu ɓarkewar taifod da Ceftriaxone ya kasa. Saboda haka kwanakin da likita ya rubuta su za a bi, kuma ba a ba maƙwabci ragowa.

Aikin gida

Likita ya ce a ba yaro magani duk bayan awa 8, an kuma fara da ƙarfe 6 na safe. Ku rubuta sauran lokutan biyu a littafinku. Sannan ku lissafa sau nawa zai sha cikin kwana 5.