Yadda zaka nemo hawainiya a gona ka kuma gane abin da kalarta ke faɗa

Toh jama'a, abu na farko dai idan kana son ganin hawainiya kar ma ka wahalar da kanka da rana tsaka. Da rana tana nan kore shar a cikin ganye, zaka iya wucewa ta gabanta sau biyar baka lura ba, ita kuwa tana kallonka da ido ɗaya. Ka bari sai bayan isha'i, ka ɗau tocila mai haske sosai ka saka takalmi mai rufi saboda maciji da kunama, ka nufi bakin gona ko lambu. Dalili kuwa shine idan tayi barci jikinta yana yin fari-fari kamar an wanke kalar, kuma can ƙarshen siririn reshe take zuwa ta kwanta ta naɗe jela, saboda in maciji ya hau reshen motsin zai tashe ta ta saki kanta ƙasa. Don haka ƙarshen rassa zaka riƙa haskawa, daga daidai gwiwarka zuwa sama da kanka kaɗan, jikin geza ko sabara ko magarya ko shingen zogale, in ka hango wani abu fari ya dunƙule kamar busasshen ganye sai ka matsa a hankali.

Lokacin da yafi dacewa damina ce zuwa farkon kaka, lokacin fara da sauran ƙwari sun yi yawa. Da hunturu wuyar gani take yi.

Yanzu maganar kala, wadda nasan ita ce ta kawo da yawanku. Tun muna yara ake ce mana in ta hau jan mayafi zata koma ja, in ta hau shuɗiyar shadda ta koma shuɗiya, har muna cire hula muna ɗora ta a kai muna jira. Gaskiya ba haka abin yake ba. Kowane irin hawainiya yana da iyakar kalolin da zai iya yi, namu na nan yankin Sahel yawanci tsakanin kore ne da ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa da baƙi-baƙi, wani lokaci da ɗigo-ɗigo. Waɗannan masu ja da shuɗi da kake gani a bidiyo a waya galibi na Madagaska ne, can ne kusan rabin ire-iren hawainiya na duniya suke, kuma ire-iren na duk duniya sun kai wajen 200. A can ma aka samo wata 'yar mitsitsiya da aka bayyana a 2021, namijin tun daga baki har jela bai wuce milimita 22 ba, zai zauna daram a kan ɗan yatsanka.

Ga yadda zaka karanta ta. In ka ganta da sassafe tayi duhu ta baje gefen jikinta tana fuskantar rana, sanyi take ji, ɗumi take sha, don baƙin abu yafi jan zafi. In rana ta take sai tayi haske don kar zafin yayi mata yawa. Kore mai kyau ba wani zane a jiki, hankalinta a kwance yake. Amma in ka matso ka ga ta fara duhu, ɗigon baƙi na fitowa, ta kumbura wuya ta buɗe baki tana huci, to ce maka take ka ja baya, kuma ka ja ɗin. Maza biyu in sun haɗu kowa sai ya ƙara wa kalarsa ƙarfi, wanda aka fi ƙarfi yakan dusashe ya sulale. Mace mai ɗauke da ƙwai ita ma tana da kalar da take nuna wa namiji cewa kar ya dame ta.

Yadda abin ke faruwa a cikin fata kuwa, a 2015 masu bincike a Jami'ar Janiba ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi kamar gilashi jere a fatarta. In tana cikin natsuwa suna matse da juna sai su mayar da shuɗin haske, ya haɗu da ruwan ɗorawan dake fatar ya bada kore, in ta harzuƙa sai tazararsu ta buɗe kalar ta karkata zuwa ruwan ɗorawa ko ja. Duhun kuma wani baƙin launi ne daban dake bazuwa ya rufe sauran. Ikon Allah kenan.

In kana son ganin farauta sai ka dawo da hantsi wajen bishiyar da ka ganta, don bata cika yin nisa ba, ka zauna kamar taku biyar kayi shiru. Surutu ma bai dame ta sosai ba tunda bata da kunne a waje, motsi ne bata so. Idanunta zaka sa wa ido, kowanne juyawarsa yake daban, ɗaya gaba ɗaya baya, da zarar ka ga duka biyun sun tsaya kan abu ɗaya to harshe na tafe, kuma tsawonsa na iya kai ninki biyu na jikinta, kafin ka ƙifta fara ta shige baki. Wannan tafiyar hawainiyar da muke zolayar masu nawa da ita, tana rangaji gaba da baya, kwaikwayon ganye take a iska don kar tsuntsu ya gane ta.

Sai batun taɓawa. Bata da dafi wallahi, cizon ma sai ka matsa mata, kuma bai wuce ɗan tsunkuli ba, wanke da sabulu ya isa. Duk da haka ni bana son ana ɗaukarta haka kawai don hoto. In dole ce, misali ka same ta tana tsallaka titi ko ta shigo tsakar gida ga kaji ga kyanwa, sa mata kara a gabanta ta hau da kanta ka kai ta bishiya mafi kusa ta ɓangaren da ta dosa. Kar ka fizge ta daga reshe, yatsunta a haɗe suke biyu da uku kamar hantsaki, riƙon yana da ƙarfi zaka iya karya ta. Kar kuma ka ja jelar, ba irin ta tsaka bace da take sake tsirowa. Wadda ka gani a ƙasa tana tona rami ka ƙyale ta gaba ɗaya, ƙwai zata saka ta binne.

Masu cewa zasu kai gida su sa a kwali, ku haƙura. Bata shan ruwa a kwano sai raɓa ko ɗigon ruwa a kan ganye, bata cin mataccen ƙwaro, tana buƙatar rana, kwana kaɗan zaka ga idon ya faɗa ciki shikenan. Masu cewa hawainiyarka ta kiyayi ramata ma ni na rasa laifin da tayi wa ramar, ƙwarin dake cin ganyen take bi. In kana so ta zauna maka a lambu rage feshin maganin ƙwari kusa da shinge, kuma in zaka ƙona ciyawar gefen gona ka fara duba rassan tukuna, don gudun wuta ba nata bane.